Tsofaffin Kayan Wasan Yara: Farautarsu, Gane Su da Gyaransu

Tara tsofaffin kayan wasan yara harka ce babba a Turai da Amurka da Japan. Tana da dillalanta da gidajen gwanjonta da littattafan farashinta, har da masu gyara waɗanda ba su da wata sana'a sai ita. Kayan da ake nema su ne waɗanda aka ƙera daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa wajejen 1980: jiragen ƙasa da na ruwa na gwangwani waɗanda ake wanawa da makulli, ƙananan motocin zubi, sojojin dalma, 'yan tsana masu kan tangaran, dabbobin da aka ɗinka aka cusa musu ciko, da mutum-mutumi mai aiki da batir. A shagunan kayan tarihi da kasuwannin tsofaffin kaya aka fi samunsu, irin titin Portobello na Landan, inda ake baje koli ranar Asabar, ko kasuwar Saint-Ouen da ke arewacin Faris. Masu irin waɗannan shaguna kan sayi kayan gida ɗungurungum idan tsoho ya rasu magada suka rasa yadda za su yi da tarkacensa. A cikin wannan tarkace ne motar da wani yaro ya ja a ƙasa shekara saba'in da suka wuce take ɓullowa.

Darajar kayan ta samo asali ne daga ƙarancin waɗanda suka tsira. Kamfanoni sun buga su da miliyoyi, amma hannun yara aka nufa da su. An ja su a kan siminti, an tauna su, an manta da su a ruwan sama, iyaye kuma sun jefar da kwalin tun ranar da aka sayo. Wanda ya kai yau da fentinsa na asali bai ɓare ba, shi ne abin nema, kuma a kansa ne dukkan dokokin wannan harka suka ginu.

Inda aka ƙera su

Jamus ce ta fara riƙe kambun, musamman birnin Nuremberg. A can ne 'yan'uwa biyu, Ignaz da Adolf Bing, suka kafa kamfaninsu a 1863 suna sayar da kayan girki, daga baya suka shiga kayan wasa. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya babu kamfanin kayan wasa da ya kai Bing girma a duniya, sai dai karayar tattalin arziki ta durƙusar da shi a 1932. Märklin, wanda aka kafa a Göppingen a 1859, ya yi suna da jiragen ƙasa da na ruwa masu tsada, kuma har yau yana nan. Lehmann na Brandenburg, tun daga 1881, ya fi karkata ga masu araha da ban dariya: jaki mai taurin kai da ke jan amalanke gaba sannan ya koma da baya, da biri mai hawa igiya.

Abin da suke aiki da shi fallen ƙarfe ne siriri da aka shafe da kuza, irin ma'adinin da aka daɗe ana haƙowa a Jos, don ya hana tsatsa. Da farko ana haɗa sassan da narkakkiyar dalma ne, a yi fenti da hannu. Da aka gano dabarar buga launi a kan fallen tun yana shimfiɗe, wajejen ƙarshen ƙarni na 19, sai aka daina liƙi da wuta, domin zafi na ƙona zanen. Aka koma yanka 'yan kunnuwa a gefen kowane sashe, a zura su a rami a lanƙwasa. Wannan sauyi yana taimaka wa mai saye ya kintaci shekarun abu, kuma shi ne babban ciwon kan mai gyara, kamar yadda za a gani a gaba.

A garin Giengen kuma wata tela mai suna Margarete Steiff, wadda shan inna ta naƙasa tun tana ƙarama, ta ɗinka 'yar giwa ta tsoka allura a 1880, sai yara suka mayar da ita abin wasa. A 1902 ɗan ɗan'uwanta Richard ya zana dabbar beyar mai hannuwa da ƙafafu masu juyawa. A wannan shekarar ce shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya ƙi harbin wani beyar da aka ɗaure masa a wajen farauta a Mississippi, daga nan laƙabinsa na Teddy ya bi wannan abin wasa. Tun daga 1904 kamfanin Steiff ke maƙala ɗan maɓallin ƙarfe a kunnen hagu na dabbobinsa don bambanta su da na masu kwaikwayo.

Ingila ta shigo ta wata ƙofar. Gidan William Britain ya fito da sojan dalma mai rami a ciki a 1893, wanda ya fi na Jamus sauƙin nauyi da araha. Frank Hornby, wani akawu a Liverpool, ya yi rajistar ƙirƙirarsa ta sandunan ƙarfe masu huji da ake ɗaurewa da noti a 1901, abin da ya zama Meccano. Jiragen ƙasa suka biyo a 1920, sai motocin Dinky a 1934. Waɗannan motoci ba na gwangwani ba ne. Narkakken haɗin tutiya ake turawa cikin mazubi da ƙarfi, mota ta fito da ƙofofinta da fitilunta a zube guda. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin Lesney na Landan, wanda aka kafa a 1947, ya fito da Matchbox a 1953. Labarin da ake bayarwa shi ne makarantar 'yar Jack Odell, injiniyan kamfanin, ta hana yara zuwa da abin wasan da ba zai shiga gidan ashana ba, sai uban ya ƙera mata 'yar motar daɓe titi daidai wannan girman. Corgi ya zo a 1956 da abin da Dinky ba ta da shi a lokacin, wato gilashin taga, kuma motarsa ta James Bond ta 1965, mai kujerar da ke cilla mutum sama, na cikin waɗanda aka fi sayarwa a tarihi. Duk wanda ya san titunan Nijeriya da Nijar na shekarun 1960 da 1970 zai ga fuskokin da ya sani a cikin waɗannan ƙananan motoci: akwai Bedford, akwai Land Rover, reshen Dinky na Faransa kuma ya yi Peugeot 404 da 504.

Ƙarshen wannan zamani ya fara ne a 1968, lokacin da Mattel na Amurka ya fito da Hot Wheels masu siririn gatari da gudu kamar iska. Masana'antar Dinky ta Liverpool ta rufe a 1979, Lesney ya karye a 1982.

Japan ta gaji sana'ar gwangwani bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ɗaya daga cikin kayan wasan farko da aka yi a ƙasar bayan yaƙin 'yar jif ce da Matsuzo Kosuge ya ƙera a 1945 da gwangwanayen abincin da sojojin Amurka suka yar. A shekarun 1950 da 1960 kamfanoni irin su Masudaya da Nomura da Yonezawa da Horikawa suka cika kasuwannin duniya da mutum-mutumi da jiragen sama jannati masu batir, masu walƙiya da ƙara, wasu har da hayaƙi. Roba ce ta kawar da su. Ita ma robar yanzu ta tsufa ta shiga sahun abin tarawa, daga 'yar tsanar Barbie ta farko ta 1959 zuwa 'yan mutanen fim ɗin Star Wars da Kenner ya fara sayarwa a 1978.

Karanta abu kafin a taya

Gogaggen mai saye yakan shiga shago da tocila ƙarama da madubin ƙara girma da ɗan mayen ƙarfe, kuma abin da yake fara yi shi ne kifa abin wasan ya duba ƙarƙashinsa. A nan tambarin kamfani da sunan ƙasa suke. Dokar Birtaniya ta 1887 da dokar harajin Amurka ta 1890 sun tilasta rubuta ƙasar da kaya ya fito, kuma yadda aka rubuta sunan kan nuna zamani. Kayan Japan da suka shiga Amurka kafin 1921 sukan ɗauki sunan Nippon. Rubutun da ke cewa an yi abu a Japan da ke ƙarƙashin mamaya yana nufin tsakanin ƙarshen yaƙi da 1952. Wanda ya ambaci yankin Amurka na Jamus na shekarun farko ne bayan 1945, wanda kuma ya ce Jamus ta Yamma bai wuce 1990 ba. Idan kwali na ɗauke da zanen layukan nan da ake haskawa a kanti, bai girmi tsakiyar shekarun 1970 ba.

Ƙananan abubuwa ma suna magana. Tayoyin Matchbox na farko na ƙarfe ne, sannan aka koma roba mai ruwan toka, daga baya baƙa, sai a 1969 aka kawo masu gudu don a yi gogayya da Hot Wheels. Tsohon beyar na Steiff yana da dogayen hannuwa da dogon baki da ɗan tozo a baya. Idanunsa na farko baƙaƙen maɓallan takalmi ne kafin a koma gilashi, kuma in an matsa cikinsa za a ji ƙaras-ƙaras na siraran zaren katako da aka cusa. Akwai kuma tarkon da ke kama sababbin shiga kullum: shekarar da ke jikin abu sau da yawa shekarar rajistar zanen ce, ba ta ƙira ba. Miliyoyin Barbie na ɗauke da 1966 a bayansu alhali an yi su shekaru da dama bayan haka.

Inda kuɗi ya taru, jabu ba ya nisa. Asusun baƙin ƙarfe masu motsi da kamfanonin Amurka irin su J. & E. Stevens suka yi a ƙarni na 19 na cikin waɗanda aka fi kwaikwaya. Mai jabu yakan yi mazubinsa ne daga jikin na asali, ƙarfe kuwa yana ɗan tsukewa idan ya huce, saboda haka kwafin yakan fito ƙarami kaɗan, jikinsa da kaushi, mahaɗarsa da giɓi. Na asali sumul yake, sassansa sun haɗu tsaf. Ƙusa mai kan gicciye a jikin abin da aka ce na 1890 ne ta isa shaida, domin sai a shekarun 1930 irinta ta shigo. Tsatsar da aka ƙirƙira ta hanyar binne abu a ƙasa ko jiƙa shi da ruwan gishiri ja ce jawur, ta bazu ko'ina daidai wa daida. Tsufa na gaskiya kuwa yana bin inda hannu ke taɓawa ne: rufin mota, gefen tayoyi, wajen makulli, hancin 'yar tsana. Ana kuma cire maɓallin Steiff daga yagaggen beyar a maƙala wa wani. Dabam da jabu, akwai sabon bugu na halal, kamar motocin Dinky da aka sake yi a China da izinin Mattel. Waɗannan an rubuta gaskiyarsu a ƙarƙashi, matsalar kawai idan mai saye bai kifa ya duba ba.

Sabon fenti a kan tsohuwar mota ya fi wuyar ganewa. Ana sansana shi, domin warinsa kan daɗe. Ana duba kan ƙusar da ta riƙe ƙasan motar: wadda injin masana'anta ya murɗa tana da santsi da zagaye, wadda aka huda aka mayar kuwa ba ta ɓuya ga madubi. Fitila mai hasken shuɗi irin ta duba takardun kuɗi ita ma takan fallasa faci, ko a fenti ko a tangaran, domin sabo da tsoho ba sa haske iri ɗaya a ƙarƙashinta.

Abin da ke sa farashi

Abu huɗu ake dubawa: lafiyar jiki, ƙaranci, kwali, da tarihin mallaka. Lafiyar jiki ce kan gaba nesa ba kusa ba. Mota iri ɗaya, ta shekara ɗaya, wadda ba ta da ƙwarzane kuma tana cikin kwalinta, takan ninka wadda ta sha wasa sau da yawa. Kwalin kansa wani lokaci yakan kai rabin kuɗin, tunda shi aka fi saurin jefarwa. Launin da aka yi na ɗan gajeren lokaci, ko samfurin da bai shiga kasuwa ba, kan kai farashin da ke ɗaure kai. Samfurin Boba Fett na Star Wars mai harba roka na 1979, wanda Kenner ya fasa sayarwa don tsoron kada yara su haɗiye rokar, ya haura dala miliyan ɗaya a gwanjo a 2024. Irin waɗannan labarai su ke ruɗin mutane, alhali mafi yawan abin da ke kan kantar shago kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Wanda ya shiga harkar don riba kaɗai yakan fita da asara. Masu daɗewa a cikinta su ne waɗanda suka zaɓi fanni guda, kamar motocin ɗaukar kaya na kamfani ɗaya ko 'yan tsanan gari ɗaya, suka san shi ciki da bai.

A gyara ko a bari

Wannan ita ce tambaya mafi nauyi, kuma a nan aka fi tafka ɓarna. Sabon shiga yakan ga mota ta koɗe ya ɗauko samfefa da gwangwanin fenti, kafin la'asar ya mayar da ita tana ƙyalli, bai san ya kankare abin da ya ba ta daraja ba. Garin gyaran gira ake rasa ido. Fentin asali sau ɗaya ake yinsa, in ya tafi babu gwanin da zai dawo da shi, kuma a wurin masu tarawa mota mai rabin fentinta na masana'anta takan fi wadda aka sake wa sabo fes. Ma'aikatan gidajen tarihi suna da ƙa'ida mai kyau da ta kamata kowa ya ara: a yi mafi ƙarancin abin da zai tsayar da lalacewa, kada a yi abin da ba za a iya warwarewa ba, a kuma rubuta duk abin da aka yi. Cikakken gyara ya dace ne da abin da yake da yawa a kasuwa kuma ya riga ya lalace ƙwarai, ko abin gado da iyali ke so su gani kamar yadda yake a da, ba don sayarwa ba. Abin da ake zaton yana da wuyar samu kuwa, a share masa ƙura kawai a nemi masani.

Kayan gwangwani ba sa son ruwa. Yakan shige mahaɗa ya kwanta, bayan wata biyu tsatsa ta ɓullo daga ciki. Ana share ƙura da burushi mai laushi, sannan a naɗa auduga a tsinke, a ɗan jiƙa ta, a gwada a wani lungu da ba a gani. In launi ya biyo audugar, a tsaya nan. Tina da fetur da man goge ƙarfe duk suna cin zanen. Ɗigon tsatsa ana tausasa shi da ɗan mai, a ɗauke da tsinken katako, ba da wuƙa ba. Daga ƙarshe a shafa kaki siriri a goge. Wanda aka fi amincewa da shi shi ne Renaissance Wax, da aka haɗa a ɗakin binciken Gidan Tarihin Birtaniya a shekarun 1950, domin ba ya da tsami kuma ana iya cire shi.

Idan injin da ake wanawa ya ƙi tafiya, mutane kan ce an cika wana shi ne. Galibi ba haka ba ne. Tsohon mai ne ya bushe ya haɗu da ƙura da gashi ya riƙe haƙoran. Ɗigon man keken ɗinki a bakin allura, a kan kowane gatari, tare da juya tayoyin a hankali da hannu, yakan tayar da injin da ya yi shekara hamsin a kwance. Ba a tsiyaya mai, don yana jawo ƙura kuma yana ɓata fenti. Buɗe jikin shi ne mataki na ƙarshe, saboda kunnuwan nan da aka lanƙwasa ba sa jure miƙewa fiye da sau biyu ko uku kafin su karye, kuma bakin sukuddireba na barin tabo a gefensu. In ya zama dole, a ɗaga su kaɗan da abu mai laushi, iyakar yadda sashen zai fita. Kafin nan a tabbata sifirin injin ya saki, domin wanda yake a wane yana iya tsalle ya yanki yatsa ko ya sami ido. Sifirin ya fi karyewa kusa da bakinsa, kuma mai gyaran agogo ya san maganin wannan: ya gasa bakin ya yi laushi, ya huda sabon rami, ya mayar. Makullin da ya ɓace ma sau da yawa na agogon bango yana shiga.

Masu batir ciwonsu yoyo ne. Farin garin da batirin zamani ke bari ana kashe shi da ruwan khal ko na lemun tsami a kan auduga. Yoyon tsohon batir mai gawayi kuwa shi kansa tsami ne, sai a bi shi da ruwan bekin soda. Bayan haka a kankare bakin ƙarfen ya yi haske, a duba wayar da ta tsinke, a duba ƙananan giyoyin roba, waɗanda kan tsuke su tsage a kan gatarinsu.

Motocin zubi suna da wata cuta da ba ta da magani. Idan haɗin tutiyar ya gurɓata da dalma tun a masana'anta, ƙarfen yakan riƙa kumbura yana tsattsagewa daga ciki, tayoyi su farfashe, jiki ya karkace, daga ƙarshe ya marmashe. Dinky na kafin Yaƙin Duniya na Biyu sun fi kamuwa, danshi kuma yana hanzarta ta. Ba ta yaɗuwa daga mota zuwa mota, amma wadda ta kamu ba fenti ko gam da zai cece ta, sai dai a ajiye ta a busasshen wuri a rage taɓa ta. Duk motar da aka ga siraran tsaga kamar saƙar gizo a jikinta, a yi tunani sau biyu kafin a biya.

Wadda ƙarfenta ke da lafiya amma fentinta ya ƙare, ga yadda masu gyara ke yi. Su ɗauki hotonta ta kowane gefe. Su huda kan ƙusar ƙasa su cire farantin, su fitar da gilashi da kujeru da tayoyi. Su cire ragowar fentin, da yawa da sodar nan ta yin sabulu a ruwan zafi. Aiki ne mai haɗari: a waje ake yinsa da safar hannu da tabarau, soda ake zuba wa ruwa ba ruwa ake zuba wa soda ba, kuma tana cinye alminiyam. Sai a goge jikin da burushin waya mai laushi, a fesa fentin share fage, a bi shi da launin asali shafi biyu ko uku marasa kauri, domin fenti mai kauri yana cike layukan ƙofa ya kashe kyan zubin. Akwai ƙananan kamfanoni da ke yin sababbin tayoyi da gilasai da tambura na kusan kowace tsohuwar Dinky da Corgi. Tayar roba ana tsoma ta a ruwan zafi ta yi laushi kafin a sa. Mai gaskiya yakan yi alama a ƙarƙashin motar cewa an sake mata fenti. Wanda ya ɓoye wannan ya sayar da ita a matsayin ta asali, ha'inci ya yi, komai kyan aikinsa.

'Yan tsana sana'arsu dabam ce, kuma tsohuwa ce: asibitin 'yan tsana na Lisbon a Fotugal yana aiki tun 1830. Masu kan tangaran, irin na Jumeau a Faransa ko Armand Marseille a Jamus, ana leƙa cikin kan da tocila don neman siririyar tsaga. Gaɓoɓinsu igiyar roba ce ta riƙe su, in ta saki a sauya, amma kada a ja da ƙarfi har wuya ya tsage. Jikin da aka yi da garin katako da gam yana narkewa a ruwa. Masu idon da ke rufewa in an kwantar da su suna da ɗan nauyin dalma a ciki, shi ya sa ake ajiye su rub da ciki, kada nauyin ya ɓalle idanun. Tufafinsu na asali, ko sun koɗe, ba a yar da su. Beyar kuma, wanda fatarsa gashin akuyar Angora ce, asu ne maƙiyinsa. Sabon sayowa akan ƙulle shi a leda a sa a firiza mai sanyi sosai na mako guda ko fiye, don a kashe ƙwarin da ƙwayayensu kafin ya haɗu da sauran. Ba a tsoma shi a ruwa, kumfa kawai ake shafawa a goge. Inda ya yage a sa ƙyalle ta ciki a ɗinke da hannu.

Tsohuwar roba ita ce ta fi ba da wahala, domin lalacewarta daga cikin sinadarinta take. Seluloyid, wadda aka yi 'yan tsana marasa nauyi da ita har zuwa shekarun 1950, tana kama wuta nan take, kuma in ta fara ruɓewa tana fitar da tsamin da ke cin abin da ke kusa da ita, don haka ake ware ta a wuri mai iska. Roba mai laushi takan yi danƙo saboda man da ke cikinta yana tsattsafowa. 'Yan kunnen ƙarfe na tsofaffin Barbie kan bar koren tabo a kunnen. Farar roba mai tauri takan koma rawaya. Wasu na mayar da ita fara da sinadarin haidurojin feroksaid da hasken rana, amma rawayar kan dawo, kuma ma'aikatan gidajen tarihi ba sa son dabarar.

Guba da ajiya

Tsohon abin wasa ba na yaro ba ne kuma. Fentin da aka yi amfani da shi a da sau da yawa yana da dalma. Sai a 1978 Amurka ta hana irin wannan fenti a kayan yara da na gida, gidan William Britain kuma ya daina sojojin dalma a 1966. Wani bincike na Jami'ar Plymouth a 2018, a kan tsofaffin kayan wasan roba 200, ya sami dalma da kadmiyam da makamantansu a cikin wasu, musamman ja da rawaya da baƙi. Wanda ya tuna yara fiye da 400 da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba ya bukatar dogon bayani kan abin da take yi wa ƙaramin yaro. Saboda haka ba a goge tsohon fenti da samfefa a bushe a cikin ɗaki, ba a gyara a inda ake girki, a wanke hannu bayan aiki, kayan kuma su zauna a kabad mai makulli.

Hasken rana yana koɗar da launi, danshi yana kawo tsatsa da fumfuna, zafi yana narka roba. Masu ajiya suna neman wuri mai inuwa wanda yanayinsa ba ya yawan sauyawa, suna naɗe kaya da takarda marar tsami maimakon jarida, wadda tawadarta ke kamawa. Ana cire batir, ana sakin sifirin, ba a ɗaure kwali da kyauro ko a manna masa salatif. A ƙasar Hausa, inda irin waɗannan kaya kan faɗo jefi-jefi cikin dilolin gwanjo ko a akwatin wani tsohon ma'aikaci, jarrabawar ta fi tsanani: zafin bazara a ƙarƙashin rufin kwano, laimar damina, ƙura da bushewar hunturu mai tsaga katako, ga gara da kyankyaso masu cin kwali. Akwatin roba mai murfi, da 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na magani, a ɗora a kan kanta nesa da bango da ƙasa, yana rage yawancin wannan. Hakan ya shafi kayan wasan gida ma, motar langa-langa da ta kara da ta gwangwanin madara, waɗanda suka fi na kanti saurin ɓacewa tunda ba wanda ya ɗauke su abin ajiyewa.

Abu na ƙarshe shi ne rajista. Kowane abu a rubuta inda aka saye shi da ranar da kuɗin, da yadda aka same shi, da duk abin da aka yi masa, a haɗa da hoton kafin gyara da na bayansa. Sassan da aka cire, ko tsohuwar taya ce da ta bushe, a sa su a ƙaramar leda a ajiye tare da shi. In an san wanda ya mallake shi tun farko, ko akwai hoton yaron riƙe da shi, wannan takarda tana ƙara masa kuɗi ƙwarai. Beyar ɗin Steiff da ake kira Teddy Girl, wadda Kanar Bob Henderson na sojan Birtaniya ya riƙe tun yana yaro har ƙarshen rayuwarsa, an sayar da ita fam 110,000 a gidan gwanjon Christie's na Landan a Disambar 1994, kuma sanin hannun da ta fito yana cikin abin da masu tayi suka biya.